Hannun Hagu na Mai Guga

Ranar da Mai Guga ta zame a banɗaki, ba zafin karayar ne ya fara zuwa mata a rai ba. Tana zaune dirshan cikin ruwan sabulu, tana kallon tsintsiyar hannunta na dama da ta karkace, abin da ya fito daga bakinta kawai shi ne, "To wa zai ɗaga Auta?"

Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe. Zazzaɓi ya tafi da ƙafafunta tun tana ƙarama, ya bar mata baki mai kaifi da hannuwa masu saurin ninke kaya. Yanzu ta zama budurwa, amma har gobe uwar ce ke ɗaga ta daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa wanka, daga wanka zuwa kujerar bakin taga. A bene suke, hawa na biyu, ɗaki da falo da ɗan baranda. Teburin guga ya cinye rabin falon. Rigunan mutanen unguwa suna rataye a igiya daga bango zuwa bango, idan iska ta shigo sai su riƙa juyawa a hankali suna taɓa kafaɗun juna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa roƙon kowa ya kama mata 'yarta ba.

A asibiti aka gyara ƙashin, aka naɗe hannun da farin siminti tun daga yatsu har kusa da gwiwar hannu. Kafin simintin ya gama bushewa labari ya kai wa babban ɗanta, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, har ita uwar. A wani gari mai nisa yake aiki. Ya kira, Auta ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan teburin guga.

"Umma, sannu. Amma bari in faɗi gaskiya, shekaru sun ja. Idan na samu hutu zan zo. In na tarar hannun nan bai dawo ba, zan tafi da Auta. Gidana a ƙasa yake, akwai ɗaki babu kowa a ciki, kuma na samu wadda za ta riƙa kula da ita."

"Ka samu wadda za ta kula da ita," Mai Guga ta maimaita. "Ni kuma mutuwa na yi?"

"Haba Umma."

"Haba ɗin me? Ka zo ka gani."

Ta san ɗakin da yake magana. Gado ɗaya da keke sun cika shi. Ko da ma fili ne, ita ba ta ga ranar da za ta bar teburinta ta je ta zauna a gidan ɗa tana jira a zuba mata abinci ba. Idan Auta ta tafi, ita kaɗai za ta tafi. Mai Guga ta dubi 'yarta don ta taya ta faɗa, sai ta ga yarinyar ta duƙufa tana ɗinke maɓallin wata riga.

Matar direba, maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, ita ta karɓi aikin ɗagawa safe da yamma. Katuwar mace ce mai dariya, tana sungumar Auta kamar tana ɗaukar filo. Sai dai su ma an yi wa mijinta canjin wurin aiki, har sun fara tara kwalaye a bakin ƙofa. Taimakonta na ɗan lokaci ne, kowa ya sani.

Asibitin ya tura Mai Guga wurin likitar gashin ƙashi. Ta shiga tana tsammanin wata dattijuwa, sai ta tarar da 'yar siririyar yarinya da igiyoyin roba kala-kala rataye a wuyanta. Nan take ta raɗa mata suna 'Yar Roba, a zuci tukuna.

"Mama, me kike so hannun nan ya yi idan an kwance shi?"

"Ya ɗaga mutum."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta tambayi wane mutum, daga ina zuwa ina, sau nawa a yini. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa.

"To ga matsalar, Mama. Tsokar da ba a nema da aiki, jiki ba ya ci gaba da ciyar da ita. Yanzu haka wannan hannun yana ramewa a cikin simintin, kuma ba za mu iya taɓa shi ba. Don haka na hagu za mu sa aiki."

Mai Guga ta dubi hannun hagunta, ta dubi yarinyar. "'Yata, na dama ne ya karye."

"Na sani. Amma idan kika ɗaga abu mai nauyi da hagu, umarnin daga kanki yake saukowa, kuma na dama ma yana jin wani abu daga ciki. Kamar ki yi wa ɗa ɗaya faɗa a falo, ɗayan yana ɗaki yana saurare. Ba zai hana shi ramewa gaba ɗaya ba, amma ba zai manta aikinsa da yawa ba."

"Ikon Allah. Wato satar amsa zai yi."

A nan ne 'Yar Roba ta yi dariya. Ta nuna mata yadda za ta lanƙwasa gwiwar hannu ta ɗago nauyi zuwa kafaɗa, da yadda za ta matse ƙwallon roba a tafin hannu, da yadda za ta tashi daga kujera ta koma ba tare da ta dafa komai ba, domin mai ɗaga mutum da cinya take ɗagawa. Mai Guga ta ce ita da ta ƙare rayuwarta riƙe da dutsen guga ai ba ta buƙatar a koya mata nauyi. Yarinyar ta ce wannan nauyin jiki ya riga ya saba da shi, ba ya ƙara masa komai. Sai abin da zai sa ɗagawar ƙarshe ta yi wuya, idan ya daina wuya kuma a ƙara masa kaɗan. Ta ce a yi yau, a huta gobe. Ta ce ƙwai da wake da kifi da madara, da barci isasshe. Mai Guga ta ji komai, ban da zancen hutun, wanda ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan.

Ba su da ƙarfen ɗagawa a gida. Auta ce ta tuna da tsohon dutsen guga na gawayi da ke ƙarƙashin gado, wanda aka daina amfani da shi tun da suka sayi na lantarki. Baƙi ne, mai mariƙin katako da murfin da ake buɗewa a zuba garwashi. Matar direba ta ɗebo musu yashi a roba daga inda ake gini a bayan layi. Auta ta zama mai ƙarin yashi. Idan ta ga uwar ta gama ɗagawa fuskarta ba ta yamutse ba, sai ta buɗe murfin ta ƙara cokali.

"Umma, kin yi ha'inci. Da kafaɗa kika ja wannan. Sake."

"Ke ce uwata yanzu?"

"Ni ce mai horaswa. Sake."

To amma Mai Guga mace ce da ta yi imani cewa duk abin da ya yi amfani sau ɗaya, sau goma zai fi. Haka take da sitaci, haka take da faɗa. Ranar da aka ce ta huta, sai ta ɗauki dutsen ta shige kicin da shi, wai za ta goge masa tsatsa. Tana jiran ruwa ya tafasa tana ɗagawa. Tana jiran mai karɓar kaya ya hawo bene tana tashi tana zama a kan kujera. Hannun ya yi tsami, ta ce alamar aiki ce. Gwiwar hannun ta fara zafi, ta shafa man zafi ta ci gaba. Zama haka kawai da rana tsaka, a wurinta, abin kunya ne da ake yi wa raggwaye gori a kansa.

Wata safiya ta ɗauki kofin shayi, hannun ya kama rawa, kofin ya suɓuce ya fashe. Ta je ta gwada dutsen, ya ƙi wuce rabin hanya. Ta zazzage yashin duka ta gwada shi fanko, da ƙyar ya kai kafaɗa. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar karayar, domin yanzu hannu biyun ne suka juya mata baya.

'Yar Roba ta latsa damtsen, ta latsa gwiwar hannun, ta ga yadda Mai Guga ta zabura.

"Mama, kina hutawa kuwa?"

"Ina barci kamar kowa."

"Ranakun hutu nake nufi."

Mai Guga ta kau da kai ta shiga nazarin labulen ofishin, wanda a ganinta ko sau ɗaya bai taɓa ganin guga ba.

"Mama, ki dube ni. Lokacin da kike ɗagawa ba lokacin ne tsoka ke girma ba. Ɗagawa saƙo ne kawai, kina gaya wa jiki cewa abin da yake da shi bai isa ba. Sai kin ajiye, kin ci, kin kwanta, sannan yake gyara zaren da suka wahala, ya ƙara musu kauri. Ke kuma kullum aika saƙo kike yi, ba ki bari a yi aikin. Kin taɓa ɗinke riga mai ita yana sanye da ita yana gudu?"

"To yanzu me zan yi?"

"Ba komai. Shi ne aikinki na wannan makon. Bayan haka mu fara daga fanko. Kuma kullum da rana ki kwanta."

Auta ta karɓi dutsen ta ajiye shi a gefen kekenta, ta ɗora ƙafafunta a kai. Da rana ta yi tsaka sai ta ce, "Umma, lokacin aiki ya yi," ta nuna mata doguwar kujera. Ranar farko Mai Guga ta kwanta tana tsaki, idonta a kan tulin kayan da ke jira. Rana ta biyu ta ƙirga tsagar silin. Rana ta uku kuwa, hasken da ke ratsowa ta cikin rigunan ya yi laushi, ƙarar motocin titi ta yi nisa, ƙamshin sitaci ya lulluɓe ta, sai ta ji kujerar tana tafiya da ita a hankali.

Ta ga kanta a wani dogon ɗaki mai ɗumi, jajayen zaruruwa a miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wasu sun yi gashi-gashi, wasu sun saki. A ƙarƙashinsu ga 'yan ƙananan mata zaune a jere da allurai, duk sun naɗe hannu suna kallonta. Ta gane cikin damtsenta ne, kuma abin bai ba ta mamaki ba.

"Me kuke jira?" ta tambaya.

"Ke muke jira ki fita," in ji wata mai tabarau a kan hanci. "Mu ba ma aiki mai gida na tsaye a kanmu."

Ta ja da baya ta laɓe a bakin ƙofa. Sai suka tashi, kowace ta kama zare. Inda ɗaya ya saki sai su haɗa shi da sabo, su murza, ya fito ya fi da kauri. Suna yi suna wani ɗan amo a maƙogwaro wanda ba waƙa ba ne sosai. Ta bi wani lungu ta ɓulla wani ɗakin, fari fat, babu taga, shiru. Nan ma ga mata, amma babu zare a hannunsu. Sun manna kunnuwansu a bango suna sauraron amon 'yan'uwansu, yatsunsu suna murza iska. Tausayinsu ya kama ta har ta ji hawaye. Ta ce musu su yi haƙuri, an kusa buɗe musu ƙofa.

Da ta farka rana ta karkata, Auta ta ninke rabin kayan. Ta ba ta labarin mafarkin, yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Mai tabarau ɗin nan, Umma, ba ke ba ce kuwa?"

"Ungo naki."

Daga nan barcin rana ya zama nata. Wani lokaci ta koma wurin masu allurai, wani lokaci ta ga rigunan sun sauko daga igiya suna yawo a falo babu kowa a cikinsu, suna gaisawa da ladabi. Sau ɗaya ta ga mijinta zaune a bakin teburin yana hura garwashi, ta zauna kusa da shi, kuma zaman ya yi daɗi. Takan farka ta tarar da Auta a bakin taga, haɓa a kan hannu, ta yi nisa cikin kallon titi har sai an kira ta sau biyu.

Suka koma kan dutsen, fanko. Yau a ɗaga, gobe a bar shi. Abin da ya ba ta mamaki shi ne, bayan kowane hutu sai ta ji dutsen ya rage nauyi, har ta zargi Auta da kwashe yashi a ɓoye. Yashi ya cika cikinsa, suka koma tsakuwa, daga tsakuwa suka koma guntayen ƙarafa da direba ya kawo daga gareji. Damtsen bai canza a ido ba tukuna. 'Yar Roba ta ce haka abin yake, da farko jijiyoyi ne ke koyon kiran tsoka gaba ɗaya a lokaci guda, kaurin sai daga baya.

Yaya yana kira duk ƙarshen mako. Uwar takan ba shi rahoto da gadara. Idan ta gama sai Auta ta karɓi wayar su yi tasu hirar, wani lokaci har da tambayar faɗin ƙofar gidan da ko titin gabansa yana da kwalta. Mai Guga ta ɗauka neman aibun gidan take yi, ta ji daɗi a ranta.

Ranar da aka yanke simintin, ta ƙura wa abin da ya fito ido. Hannu ne siriri, fatar ta yi fari tana saɓa, ga wani wari. Ta ɗora shi kusa da na hagu, kamar ba na mutum ɗaya ba. Hawaye ya zubo mata a gaban yarinyar mutane, ba ta ko share ba.

"Duk wahalar nan a banza," ta ce.

'Yar Roba ta miƙa mata yatsu biyu. "Matse, a hankali."

Ta matse. Tsintsiyar ta yi tauri, akwai zafi, amma yatsun sun rufe, kuma sun riƙe.

"Kin ji? Na sha ganin hannun da ya fito daga siminti ko cokali ba ya iya riƙewa. Wannan ya rame, amma bai manta ba. Yanzu sai mu ciyar da shi."

Aka sake komawa farko, wannan karon da dama. Ruwan ɗumi da murza tsintsiya, sannan roba mai laushi, sannan dutsen fanko. Hannun ya kama hanya da sauri fiye da yadda ɗan'uwansa ya yi. Makonni suka shuɗe cikin tururi da barcin rana. Wata rana tana sa rigarta ta ji hannun rigar ya kama ta a damtse, ta tsaya gaban madubi ta lanƙwasa hannu, sai ga ɗan tudu ya taso. Matar direba ta shigo ta kama ta a haka.

"La ila! Maman Auta, dambe za ki shiga ne?"

"Ke zan fara da ke."

"Rufa mini asiri, ni tafiya zan yi."

Suka yi dariya, amma tafiyar gaskiya ce. A makon aka kwashe kwalayen. Kafin matar direba ta tafi, ta tsaya a gefe hannu a shirye, Mai Guga ta gwada ɗaga Auta daga keke zuwa kujera, tazarar taku ɗaya. Ta yi, numfashinta sama-sama. Washegari ta sake yi. Ranar da motar kaya ta tafi da maƙwabta, Yaya ya kira ya ce ya samu hutu.

Ya iso da hantsi, ya hawo benen yana haki, ga ɗan tumbi ya fara yi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tsokani Auta, ya sha ruwa. Idonsa yana kan hannun uwar, yana neman yadda zai fara. Ita kuwa da gangan ta bar Auta a gado har wannan lokacin, an yi mata wanka an shirya ta, ba a fito da ita ba.

"Taso," ta ce masa. "Ka ce za ka zo ka gani."

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Ta matsa jikin gadon, ta raba ƙafafu, ta lanƙwasa gwiwa. Hannun dama ta zura ƙarƙashin cinyoyin yarinyar, na hagu a bayanta. Auta ta saƙalo wuyanta. Ta ja numfashi ta miƙe, sai ga 'yarta a ƙirjinta. Ba ta tsaya a keke ba. Ta wuce shi, ta raɓa ta gefen Yaya, ta ratsa falon, rigunan suna shafar kawunansu, har bakin taga. Nan ta juyo ta dubi ɗanta, ba ta sauke ba.

"To?"

Yaya ya ɗaga hannuwa biyu sama yana murmushi, idonsa ya ɗan yi ja. "Na janye, Umma. Wallahi na janye."

Daɗi ya cika ta har wuya. Ta ji kamar ta zagaya falon sau biyu. A lokacin ne Auta ta matso da bakinta kusa da kunnenta.

"Umma."

"Na'am, 'yar albarka."

"Ina so in bi shi."

Mai Guga ta yi tsammanin ba ta ji daidai ba. Ta ja kanta baya don ta ga fuskar. Yarinyar tana kuka, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Kowa a layin nan ta saman kansa na san shi, Umma. Na san mai sanƙo, na san wadda ɗankwalinta ke zamewa, ban san fuskar ko ɗaya ba. Can ƙofa a ƙasa take. Zan tura kekena in fita da kaina, in je shago in dawo. Akwai inda ake koyar da ɗinki a bayan gidan, Yaya ya tambaya mini."

"Tun yaushe?" in ji uwar.

"Tun kafin ki faɗi a banɗaki."

"Shi ne kika zauna kina ƙara mini yashi? Kina kallona ina wahala?"

"Da na tafi a lokacin, har abada za ki ce kasawa kika yi aka ƙwace ni. Ban so in tafi don kin kasa ba, Umma. Na jira ki iya."

Yaya ya sulale ya fita baranda. Mai Guga ta tsaya riƙe da 'yarta, ranta ya ɓaci, zuciyarta ta karye, kuma a ƙarƙashin duka ta san yarinyar ba ta faɗi ƙarya ba. Ta leƙa tagar, ta ga abin da ake gani daga nan: rufin motoci, da kawunan mutane suna wucewa. A hankali ta zaunar da ita a kujera, ta gyara mata ƙafafu, ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Kwana biyu Yaya ya yi. A cikinsu Mai Guga ba ta karɓi kayan kowa ba. Na Auta ta wanke ta goge, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba a gogewa. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba, sai dai ta jera su a akwati ta danna da tafin hannu.

Da safiyar tafiya Yaya ya sauke akwatin da keken, ya dawo ya duƙa zai ɗauki ƙanwarsa.

"Matsa," in ji uwar.

"Umma, bene ne fa."

"Na ce matsa."

Ta juya baya ta tsuguna a bakin gado. Auta ta kwanto a bayanta ta rungume kafaɗunta, uwar ta zagayo da hannuwa ta tallafe ta, ta miƙe. Suka fita. Matakalar tana da duhu da sanyi, Yaya yana gaba yana saukowa da baya, hannuwansa a buɗe. Ta sauka taka ɗaya, ta tsaya, ta sake ɗaya. Tana jin numfashin yarinyar a wuyanta, da bugun zuciyarta a tsakiyar bayanta. A kwanar farko ta so matakalar ta ƙaru, a ta biyu ma haka, amma sai ga hasken ƙofar waje.

Titi ya cika da hayaniyar safe. Mai gidan burodi na tsallake ya ɗago hannu, wata mata mai jan yaro zuwa makaranta ta ce sannunku, Auta ta amsa tana bin kowa da kallo. Yaya ya buɗe ƙofar mota, ya gyara kujera, ya sa filo. Ya jira. Mai Guga tana tsaye a bakin titi da goyonta, ba ta motsa ba.

"Umma," ya ce a hankali, "ki sauke ta mana, kin gaji."

"Ban gaji ba."

Gaskiya ta faɗa. Cinyoyinta ba su yi rawa ba, hannun dama yana riƙe daram, za ta iya tsayuwa a haka har rana ta take. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Ta ƙara ɗan jim, sannan ta juya wa motar baya ta fara lanƙwasa gwiwa.